Ruwan Madara Kala-Kala Ne: Zaɓen Fentin Ɗaki a Buokrom

 

Yau maganar fentin cikin ɗaki za mu yi, kuma a kan launi guda za mu tsaya: wannan mai hasken da ke tsakanin fari da ruwan ƙasa, wanda muke ce wa ruwan madara, masu shago kuma su ce kirim ko magnoliya. Shi ne launin yawancin ɗakunanmu. Mai gidan haya shi yake shafawa, domin kowane ɗan haya zai iya zama da shi. Shi ake nema idan za a gyara ɗakin amarya, ko salla ta gabato, ko ana shirin tarbar alhazai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fari ƙal ba ya jure ƙurar Kumasi, launi mai duhu kuma yana shanye haske ya ƙuntata ɗaki.

A shago ruɗanin yake farawa. Ka shiga wajen masu fenti a Adum, ko a nan bakin titin da ya taso daga shataletalen filin jirgi ya ratsa Buokrom ya nufi Kenyasi, ka ce ruwan madara kake so. Mai shago zai buɗe maka kati, ko na Azar, ko na Leyland, ko na Coral. Ga 'yan gutattakin launi a jere, kowanne bai wuce faɗin yatsu biyu ba, wajen goma ko fiye duk masu kama da juna. Ka kai katin kusa da ido, ka nisanta shi, ka karkata shi. Fenta na tsaye a bayanka yana duba agogo. Daga ƙarshe ka ɗora yatsa a kan ɗaya ka ce, "A ba ni wannan, ai duk ɗaya ne." Bayan kwana biyu, da fenti ya bushe, sai uwargida ta leƙa ta ce, "Malam, ya na ga ɗakin ya koma ruwan hoda?" Ga kuɗin bokiti ya tafi, ga ladan fenta an biya, kuma da wannan bangon za a zauna shekaru.

To, me ya raba waɗannan launuka? A masana'anta kusan dukkansu daga fari ake farawa, wani farin gari da ake kira titaniyom, wanda shi ke ba fenti ƙarfin rufe bango. Sai a ɗiga masa launi kaɗan-kaɗan: rawayar ƙasa, jar ƙasa, wani lokaci da ɗigon baƙi. Rawayar da jar nan kuwa dangin tsatsar ƙarfe ne, sinadarin nan da ya mayar da ƙasar garinmu ja. Wanda ya ɗan rinjaya a cikin ɗigon nan shi ne sirkin fentin. In rawaya ce ta fi, fentin ya yi rawaya-rawaya. In ja ne, ya yi jaja-jaja, wanda a bango kan koma ruwan hoda. In baƙi ya yi yawa ya yi toka-toka, in kuma baƙin ya haɗu da rawaya sai ya karkata zuwa kore-kore. Duk mai shan koko da safe ya san irin wannan bambanci. Kokon gero da na masara da wanda ya ji citta da kanumfari, kowanne shi kaɗai a kofi za ka ce fari-fari ne, amma jera su a tire guda ka ga yadda suka sha bamban.

Hanyar gano sirki mai sauƙi ce, ba ta cin ko sisi. Ku tafi shago da farar takarda, irin wadda ake buga hoto ko wasiƙa a kanta. Ku ɗora gutsuren launin a kanta shi kaɗai, ku rufe sauran, ku fito bakin ƙofa inda hasken rana yake amma ba cikin ranar kai tsaye ba. Farin takardar zai tona shi. Abin da a cikin katin ya yi kama da 'yan uwansa, a nan za ku ga ja ne ke ɓoye a cikinsa ko rawaya.

Wannan ba dabarar jiya ba ce. A ƙasar Faransa an yi wani masanin sinadarai mai suna Chevreul, wanda a 1824 aka ba shugabancin sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Paris. Aka riƙa kawo masa ƙorafi cewa baƙin zaren da marina ke fitarwa ba ya da ƙarfi. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, launin da aka saƙa kusa da baƙin ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. A 1839 ya wallafa littafi a kan haka, kuma har yau masu harkar launi da wannan ƙa'ida suke aiki: ido ba ya ganin launi shi kaɗai, yana ganinsa ne tare da maƙwabcinsa.

Wannan ƙa'idar ita ce ta sa nake ganin kuskure ne a fara da zaɓen fenti. A fara da abin da ba zai sauya ba. Tayil ɗin ƙasa yana nan, ƙofar katako tana nan, kujerun da aka kashe wa kuɗi suna nan. Su ne za su faɗa muku wane ruwan madara ɗakin zai karɓa. In tayil ɗinku toka-toka ne, irin mai sheƙin nan da ake yayi yanzu, kuka shafa mai sirkin ja, tokar za ta fito da jan fili, bango ya zama ruwan hoda. In tayil ɗin rawaya-rawaya ne kuka sa mai sirkin toka, bangon zai yi kamar ya yi datti alhali sabo ne. Ƙofar katako mai ja, irin wadda kafintocinmu ke shafa wa banish, takan sa mai sirkin kore ya ƙara korewa. Saboda haka in akwai ragowar tayil a gida, ku ɗauki guda ku tafi da shi shago. Ku nemi launin da sirkinsa ya bi na tayil ɗin.

Sai haske, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, domin shi ne ke yanke hukunci.

Matasanmu masu duba shawarwari a YouTube za su ji Turawa na cewa ɗakin da tagarsa ke kallon arewa haskensa sanyi-sanyi ne, mai kallon kudu kuma ɗumi-ɗumi. Gaskiya ne a Ingila ko Jamus, inda rana ke bi ta kudu duk shekara. Mu kuwa Kumasi ba ta kai digiri 7 arewa da tsakiyar duniya ba. Rana kusan ta kanmu take wucewa. Daga watan Afrilu zuwa farkon Satumba tana ɗan karkata arewa, sauran watanni ta ɗan karkata kudu. Don haka tambayar da ta shafe mu ita ce: tagar gabas take kallo ko yamma? Wannan kuwa ba sai an nemo mana na'ura ba, duk mai salla ya san gabas ɗin ɗakinsa. Tagar gabas tana samun rana da hantsi, daga azahar kuma ɗakin ya koma inuwa, sai launi ya ɗan dushe ya yi toka-toka. Tagar yamma ita ce mai wahala. Daga la'asar zuwa faɗuwar rana hasken da ke shigowa ja ne, in ya sauka a kan fenti mai sirkin ja ko rawaya mai ƙarfi, sai ɗakin ya koma ruwan goro, ga zafi ga nauyin ido, a daidai lokacin da mutanen gida ke dawowa su zauna a falo. Ɗakin yamma ya fi son ruwan madara mai sanyi, wanda rawayarsa ba ta da yawa. Na gabas kuma yana ɗaukar mai ɗan ɗumi.

Ku kuma duba abin da hasken ya bi kafin ya iso ɗaki. A gidajenmu na haya masu tsakar gida, ɗakuna jere suna kallon juna, yawanci hasken da ke shiga ciki da falo ya fara bugun bangon maƙwabci ko simintin tsakar gida ne. In bangon da ke kallon tagarka shuɗi ne, shuɗin zai shigo maka. In mangwaro ne a bakin tagar, kore zai shigo. Gilashin nan mai duhu na tagogin zamani, shuɗi ko kore ko ruwan ƙasa, shi ma rina hasken yake yi gaba ɗaya, ba kamar farin gilashin lufa ba. Labule ma haka.

Da dare kuma ƙwan lantarki ne sarki. Manya za su tuna 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, gwamnati ta raba ƙwayayen lantarki masu tsimin wuta miliyan 6 kyauta don a maye gurbin tsofaffin nan masu zafi da jan haske. Tun daga wannan zamanin farin haske ya mamaye ɗakunanmu, yanzu kuma ga na LED. In kun duba kwalin ƙwan za ku ga lamba da harafin K a ƙarshenta. 2700K ko 3000K haske ne mai ɗumi, rawaya-rawaya. 6500K kuma fari ne tas mai ɗan shuɗi, shi ne aka fi samu a shagunanmu. A ƙarƙashin 6500K, ruwan madara mai rawaya yakan ɗan yi kore, mai toka kuma ya yi sanyi ya rasa armashi. A ƙarƙashin 2700K mai rawaya yakan ƙara rawaya sosai. Fenti biyu da suka yi daidai da juna da rana suna iya rabuwa da dare, tun da ba sinadari ɗaya aka haɗa su da shi ba. Shi ya sa kafin a zaɓi fenti ya kamata a tsai da shawarar ƙwan da za a riƙa kunnawa, kuma kada a haɗa iri biyu a ɗaki guda. Wani lokaci ma wanda yake kukan fentinsa bai yi kyau ba, sauya ƙwai kawai zai yi ya huta.

A wasu katunan za ku ga haruffa uku, LRV, da lamba a gefensu daga 0 zuwa 100. Awon yawan hasken da launin ke mayarwa ne: baƙi yana can ƙasa, fari yana can sama. Ga ɗaki mai 'yar taga ɗaya, shawarata kada a sauka ƙasa da 70. Babban falo mai tagogi biyu ko uku yana iya ɗaukar mai ɗan duhu. Ku sani kuma launi a bango ya fi ƙarfi a kan yadda yake a kati, domin bango huɗu suna jefa wa juna shi, sirkin ya ninku. In kuna wasiwasi tsakanin biyu a layi guda, ku ɗauki wanda ya fi haske.



 Yanzu sai gwaji, domin gani ya kori ji.

Ku rage zaɓinku zuwa biyu ko uku, kada su wuce haka, ido yakan gaji ya daina bambancewa. Ku sayi ƙaramin gwangwani na kowanne, ko ku roƙi mai shago ya sayar muku da kaɗan. Ku sami falankin katako ko kwali mai kauri, kamar rabin mita kowane gefe, ku fara shafa masa fari, sannan ku shafa launin sau biyu, ku bar shi ya kwana. Jiƙaƙƙen fenti ba shi ne launin gaskiya ba, fentin ruwa yakan ɗan ƙara duhu in ya bushe. Na fi son falanki a kan shafawa a bango kai tsaye, saboda tsohon launin bangon zai ruɗi ido, kuma falanki ana iya yawo da shi. Ku jingina shi a ƙasa ya taɓa tayil. Ku kai shi gefen ƙofa, bayan kujera, bangon da ke kallon taga, da lungun da ya fi duhu. Lokutan dubawa kuwa kun riga kun san su: da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, sai bayan isha'i in an kunna wuta. Wanda ya yi muku daɗin ido a duk lokutan nan, ko aƙalla a lokacin da aka fi zama a ɗakin, shi ne naku, ko me aka rubuta a matsayin sunansa.

Kuma a bar mai zaman ɗakin ta duba. Maigida yakan fita tun safe sai dare, uwargida ce ta san yadda ɗakin yake da azahar da la'asar. Ban da haka, matsalar rashin bambance ja da kore ta fi yawa a maza nesa ba kusa ba, kuma ja da koren nan su ne ainihin abin da ake nema a gane a sirki. 'Yan uwanmu da ke Jamus da Italiya da Amurka masu turo kuɗin gini, ku ma ga roƙo: kada ku zaɓi launi ta hoton WhatsApp. Kyamarar waya tana gyara launi da kanta, fuskar kowace waya kuma da yadda take nunawa. Ku wakilta wanda ke tsaye a cikin ɗakin.

Sai ƙura. Iri biyu muke sha a nan. Akwai jar ƙurar titunan da ba a sa wa kwalta ba, wadda ke tashi duk lokacin da mota ta wuce, da damina kuma ta koma jan taɓo a ƙafafun yara. Akwai kuma ta hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, fara-fara mai laushi, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ruwan madara mai ɗan ɗumi yana ɓoye su duka biyun fiye da mai toka, domin jar ƙura a kan toka fitowa take ɓaro-ɓaro. Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da yayin toka-tokan nan da ake kwaikwayowa daga hotunan gidajen Turai, sai dai in gidan yana nesa da titi kuma tsakar gidan a shafe take da siminti.

Magabata sun riga mu warware wannan. Wanda ya taɓa zuwa Besease kusa da Ejisu ya ga tsofaffin gine-ginen Asante, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1980, zai lura ƙasan bangon jar ƙasa ce aka goge ta tana sheƙi, saman kuma farar ƙasa. Inda ƙafa da ruwa da hannu ke kaiwa an ba shi launin ƙasar wurin, inda ake son haske an ba shi fari. A ƙasar Hausa ma magina suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana ƙarfafa bango da daɓe ta ba su launi ja mai duhu, ga kuma farar ƙasa da mata ke shafe ɗaki da ita. A gidan da ke da yara, wannan tsari har gobe yana da amfani. Daga ƙasa zuwa kamar ƙugu a sa mai ɗan duhu wanda ake iya wankewa, sama a sa mai haske, amma su kasance 'yan gida ɗaya a sirki. Silin kuwa, ko na POP ne ko na katako, a bar shi fari.

Ku lura, launi ɗaya a fentin ruwa da a fentin mai ba ya fitowa iri ɗaya. Mai sheƙi yana ƙara wa launi ƙarfi, yana kuma tona duk wani tudu da kwarin filasta. Marar sheƙi yana rufa wa bango asiri amma bai cika son wanki ba. Fentin mai kuma yakan yi rawaya da tsufa, musamman a wurin da haske ba ya kaiwa, kamar bayan kabad. Hayaƙin kurfoti da na turaren wuta da na maganin sauro su ma a hankali suke rina bango. In ɗakin ana yawan turare a cikinsa, kada a fara da mai rawaya sosai, da kansa zai ƙara.

Bangon ma sai ya shirya. Damina biyu muke yi a shekara, bango yana shan ruwa. Sabuwar filasta tana bukatar kamar mako 4 ta bushe, in da hali fiye da haka. In aka yi gaggawa, wani farin gishiri-gishiri zai tsattsafo, fenti ya yi dabbare-dabbare ya fara ɓarewa. In kun ga ƙasan bango yana da danshi ko fumfuna, ku nemo inda ruwan ke shiga tukuna. Babu launin da ke maganin laima.

Da kun tsai da zaɓi, ku rubuta lambar launin, kada ku dogara da suna. Magnoliyar wannan kamfani daban take da ta wancan. A tsarin launukan gini na Birtaniya, BS 4800, magnoliya lambarta 08 B 15, wata 'yar uwarta kuma mai ɗan rawaya 10 B 15, a ido sun yi kusa ƙwarai amma a bango kowacce da halinta. Ku lissafa abin da zai isa tun farko. Lita ɗaya ta fentin ruwa takan rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, sabon bango ya fi haka sha, kuma shafa biyu ake yi. Ku saya gaba ɗaya, ku duba lambar haɗin da ke jikin bokitan ta zama ɗaya, sannan a juye su wuri guda a gauraya kafin a fara. Fentocinmu da yawa gwanaye ne wajen haɗa launi da hannu, su ɗiga kala a farin bokiti har ya yi, amma ko gwani ba ya iya maimaita haɗi sak. In da hannu za a haɗa, a haɗa wanda zai gama ɗakin har a rage na gyara. Ruwa kuma a bi abin da aka rubuta a jikin bokiti. Fentin da aka cika wa ruwa don ya yi auki, tsohon bango yana leƙowa ta cikinsa, launin da kuka sha wahalar zaɓa ya ɓace. Araha ba ta ado. Ku yi ciniki da fenta a kan shafa biyu tun farko, ku biya shi haƙƙinsa yadda ba zai ga dalilin tsinka fenti ba. Ɗan haya kuma ya nemi izinin mai gida kafin ya sauya launi.

Akwai abu guda da ya fi launi muhimmanci, iyayena mata ku saurara da kyau. Wasu nau'o'in fentin mai, musamman tsofaffi masu launin rawaya da ja, suna ɗauke da dalma, gubar nan da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar aikin zinariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi taɓawa. In za a kankare tsohon fentin mai a ƙofa ko taga ko bango, a jiƙa wurin da ruwa kada ƙura ta tashi, a fitar da yara da masu juna biyu, a share da jiƙaƙƙen tsumma. Wajen saye ku nemi wanda aka rubuta babu dalma a cikinsa. Bayan an gama a buɗe tagogi, kada a kwana a ɗakin sai warin ya fita.